Karnukan da Ba a Cika Gani Ba da Filin Sakin Karnuka: Tambayoyi da Amsoshi

Bahaushen da zama ya kai shi Amurka ko Jamus ba ya daɗewa bai ci karo da wani fili mai shinge a tsakiyar unguwa ba: karnuka iri-iri na ta tsere ba igiya, masu su kuma na tsaye gefe suna hira. Wasunmu kallo kawai suke yi su wuce. Wasu 'ya'yansu sun matsa har an sayo kare a gida, wasu kuwa dama tun a gida masu farauta ne. Ga tambayoyin da suka fi tasowa, a kan filin da kuma irin karnukan da sai an dace ake gani a cikinsa.

Mene ne filin sakin karnuka, kuma me ya kawo shi?

Fili ne da hukumar gari ke kewayewa da waya ko shingen ƙarfe, inda doka ta yarda a kwance wa kare igiya. A yawancin biranen Amurka laifi ne ka fito da kare kan titi a sake, mutumin da ke zaune a hawa na goma kuma ba shi da tsakar gida. Kare dabbar gudu ce. In ya wuni a kulle, a kan kujera da takalman maigida zai huce.

Filin da aka fi ambata a matsayin na farko shi ne na Ohlone da ke Berkeley a jihar Kalifoniya. Mazauna unguwar ne suka fara shi a 1979, a wani fili da aka share saboda aikin layin jirgin ƙasa. Birnin New York ya buɗe nasa na farko a Tompkins Square a 1990. Fili mai kyau za ka same shi da ƙofa biyu a jere, da ɓangare dabam na ƙananan karnuka, da famfo, da ledar kwashe kashi, da allon dokoki a bakin ƙofa. Ka tsaya ka karanta allon, domin kowane gari da nasa.

Ko'ina haka tsarin yake?

A'a. A Ingila fili mai shinge na gwamnati kaɗan ne. Mutane a manyan lambuna da hanyoyin karkara suke sakin karnukansu, wanda kuma bai yarda da karensa ba sai ya yi hayar killataccen filin wani manomi na awa ɗaya. Amma can ma akwai iyaka: a filayen karkara da aka buɗe wa jama'a, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli sai an riƙe kare da gajeriyar igiya saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, kuma manomin da ya tarar da kare na yi wa tumakinsa ɓarna, in babu wata hanyar hana shi, doka na iya kare shi in ya harbe karen. Barin kashin kare a hanya kuwa tara ce da kan kai fam 100 nan take, in aka je kotu tana iya kaiwa fam 1,000.

A Central Park na New York lokaci aka yanka: daga 6 zuwa 9 na safe, sai kuma daga 9 na dare. A Berlin wani yanki ne babba na dajin Grunewald aka bar wa karnuka.

Wa ke yanke cewa wani irin kare "ba a cika ganin sa ba"?

Ƙungiyoyin rajista ne, kuma abin da suke ƙirgawa takarda ce. Akwai Kennel Club ta Birtaniya da aka kafa a 1873, da American Kennel Club ta 1884 wadda ta amince da iri kusan 200, da kuma FCI ta ƙasa da ƙasa, da aka kafa a 1911, mai hedkwata a Thuin ta Beljiyam, wadda jerinta ya haura 350. Ƙungiyar Birtaniya tana da jerin karnukan ƙasar da ke cikin haɗarin ɓacewa: duk irin da 'yan kwikwiyon da aka yi wa rajista a shekara ba su wuce 300 ba, ya shiga.

To ka ga ke nan, ƙarancin iri biyu ne. Akwai karen da da gaske ya kusa ƙarewa a doron ƙasa. Akwai kuma wanda yake nan birjik a ƙasarsa yana aikinsa, sai dai babu wanda ya rubuta sunan uwarsa da ubansa a littafi. Mai sayarwa ba zai bambance maka su ba, domin kalmar ƙaranci ce ke ɗaga farashi.

Da gaske ne cikin irin waɗannan akwai karen Nijar?

Gaskiya ne, kuma yana cikin waɗanda ake tsayawa ɗaukar hoto in an gan su a Amurka. Sunansa Azawakh, daga kwarin Azawak da ya ratsa arewa maso yammacin Nijar ya shiga yankin Menaka na Mali. Duk wanda ya san Tawa, Abalak da Cintabaraden ya san ƙasar, kuma ita ce ta ba shanun Azawak sunansu. Buzaye da Fulanin yankin, har zuwa arewacin Burkina Faso, su ke kiwon sa. Aikinsa biyu: ya kamo zomo da barewa da gudu, ya kuma tsare zango da dabbobi da dare.

Dogo ne siriri mai dogayen ƙafafu. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Macen kilo 15 zuwa 20. Gashinsa gajere ne ƙwarai, cikinsa a ɗame, ƙasusuwan ƙugunsa a fili. Gudunsa kan kai kilomita 60 a awa, kuma yana jure zafin da zai kayar da yawancin karnukan Turai.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ta Yugoslabiya da Faransa. FCI ta amince da shi a wajen 1980, ya isa Amurka a tsakiyar shekarun 1980, amma sai a Janairun 2019 American Kennel Club ta ba shi cikakkiyar rajista. Abin da ke ba ni dariya shi ne, karen da a zangon Buzu madara da ragowar gero yake ci, a can sai ka shiga layin jira na watanni kafin ka samu kwikwiyonsa.

Ban da shi, akwai wasu daga Afirka?

Akwai Sloughi na Maroko, Aljeriya da Tunisiya, wanda a ido yake kama da Azawakh har a da ake haɗa su wuri ɗaya. Ya samu rajistar Amurka a 2016, kuma kusan kullum yana can ƙasan jerin karnukan da aka fi mallaka. Sai Basenji na dazuzzukan Kwango: ƙarami, mai naɗaɗɗiyar jela da goshi mai tattara. Ba ya haushi irin na sauran karnuka, wata irin guɗa yake yi, karyarsa kuma sau ɗaya take neman barbara a shekara, ba sau biyu ba. Wanda ya dubi karnukan mafarautanmu na Arewa, jajaye masu tsayayyun kunnuwa, zai ga ba su yi nisa da wannan siffa ba.

Wanne ne da gaske ya kusa ƙarewa?

Lundehund na ƙasar Norway ya fi kowa leƙa rami. An yi kiwon sa ne domin ya hau duwatsun bakin teku ya shiga ramuka ya zaƙulo wani tsuntsun teku mai jan baki, kuma jikinsa ya bi aikin: yatsu shida a kowace ƙafa, wuyan da ke lanƙwasawa baya har kai ya taɓa gadon baya, kunnuwan da yake iya rufewa don kada ƙasa ta shiga, da kafaɗun da ke buɗewa gefe. Da aka koma kama tsuntsun da raga, daga baya ma aka hana farautarsa, sai karen ya rasa amfani. Ya rage a wani ƙauye na tsibirin Værøy kawai. Cutar distemper mai kashe karnuka ta yi masa kaca-kaca lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta sake dawowa, har a 1963 guda shida suka rage. Duk wani Lundehund na yau daga 'yan tsirarun nan ya fito, shi ya sa ciwon hanji ya zama gadon gidansu.

Otterhound na Ingila ma aikin ne ya ƙare masa. Babban kare ne mai gashi buzu-buzu da fata tsakanin yatsu, wanda ake farautar wata dabbar kogi mai cin kifi da shi. Doka ta kare dabbar a 1978, farauta ta tsaya. Yau waɗanda suka rage a duniya ba su kai dubu ba.

Na ga wani kare ba gashi ko kaɗan. Ciwo ne?

Wataƙila Xoloitzcuintli ne na Meziko, wanda ya samo asali tun kafin zuwan Turawa ƙasar. Haka halittarsa take. Rana na ƙona fatarsa, sanyi na kama shi, kuma sau da yawa haƙoransa ba su cika ba.

In kare ya yi tsada kuma ba kowa ke da shi ba, ai ya fi kyau ko?

Ni dai ban yarda ba. A 2011 an ba da labarin wani attajiri a Sin da ya sayi jan karen Tibet a kan yuwan miliyan 10. Cikin 'yan shekaru kasuwar ta faɗi, masu kiwo suka yi ta watsar da karnukan da ba su iya ciyarwa. Yayi ne kawai. Irinsa ne ya sa za ka ga karen duwatsun Caucasus, mai gashin da aka yi domin dusar ƙanƙara, yana haki a bayan gida a Abuja ko Kano cikin watan Afrilu.

Karen da iyayensa kaɗan ne a duniya kuma, dole 'yan uwa na kusa su riƙa haɗuwa, cutar gado ta taru. Kafin ka biya, ka nemi ganin uwar da idonka, ka nemi takardun gwajin lafiyar iyaye, ka tambayi me ya kashe kakannin. Mai kiwon kirki zai amsa, shi ma ya yi maka tambayoyi har ka gaji. Wanda ya ce turo kuɗi gobe a aiko maka ta jirgi, rabu da shi.

Ina da Azawakh. Zan iya sakin sa a irin wannan fili?

Nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan, domin filin an yi shi ne da irin Labrador a zuciya: karen da kowa abokinsa ne, wanda aka yi kiwon sa don ya ɗauko abu ya kawo wa mutum. Azawakh ba haka yake ba. An tashe shi ne a kan ya san mutanen zangonsu ya yi zargin baƙo. Ba ya son wanda bai sani ba ya shafa shi, kuma ba ya ɗaukar raini daga karen da ya faɗo masa ba gaisuwa.

Babbar matsalar ita ce ido. Shi da Sloughi da Saluki da sauran danginsu da ido suke farauta, ba da hanci ba. Duk abin da ya gifta da gudu, jikinsu kan tashi kafin hankalinsu. Ɗan ƙaramin farin kare mai gashi da ya ruga yana ƙara, a idon Azawakh ba shi da maraba da zomo. Wasa kan rikiɗe ya zama farauta cikin daƙiƙa biyu, kuma in ya tashi, kiranka ba ya shiga kunnensa. Don haka kada ka taɓa sakin sa wuri ɗaya da ƙananan karnuka, ko da mai ƙaramin ya ce nasa ya saba.

Ka duba tsawon shingen tukuna. Wanda ya tsaya a ƙugunka ba shinge ba ne a wurinsa. Fatarsa siririya ce, ba kitse a ƙarƙashi, haƙorin wasa ma kan yage ta har a yi ɗinki. Lokacin hunturu sai da riga, kuma ba ya son ruwan sama. Ka kuma shirya amsa tambaya, domin za a sami wanda zai zo ya ce kana horar da dabba da yunwa. Ƙa'idar siffar Azawakh ta American Kennel Club da kanta ta ce haƙarƙari uku zuwa biyar su fito. Azawakh mai ƙiba shi ne marar lafiya.

Abin da ya fi dacewa da shi: ka je da sassafe kafin a cika, ko ka yi hayar fili, ko ka haɗa shi da karnuka biyu ko uku masu girmansa da ya riga ya sani. Akwai kuma wasan tsere da ƙungiyoyi ke shiryawa, inda inji ke jan farar leda a fili karnuka na bin ta. A nan yake samun abin da jininsa ke nema ba tare da an yi asarar karen maƙwabci ba.

Me zan tanada kafin zuwa na farko?

Allurar rigakafi. Ta haukan kare, ta distemper, ta parvo, kuma likitan dabbobi zai iya ƙara maka ta tarin da karnuka ke ɗauka a taro. Parvo, wadda ta ɓulla a 1978, tana sa amai da gudawar jini, tana kashe kwikwiyo cikin kwanaki, ƙwayarta kuma kan yi watanni a ƙasa tana jira. Shi ya sa ba a kai kwikwiyon da bai gama allurarsa ba, wadda ta ƙarshe sai ya kai mako 16. Yawancin filaye ma ba sa karɓar wanda bai kai wata huɗu ba.

Ka ba shi maganin kaska, ƙuma da tsutsar ciki. Ka tafi da ruwanka da kwanonka. Abinci da abin wasan da yake kishi a kai, bar su a gida, su ke haddasa rabin faɗan da ake yi. Karya mai neman barbara ba ta shiga, ko kusa. Karen da bai san sunansa ba, wanda in ka kira ba ya waiwaye, bai isa zuwa ba tukuna.

Yaya ake shiga?

Ka tsaya waje ka kalli waɗanda ke ciki na ɗan lokaci. In ka ga wani na cin zalin sauran mai shi kuma na danna waya, koma gida. In wuri ya yi daidai, buɗe ƙofar farko, rufe, kwance igiyar a tsakanin ƙofofin biyu, sannan ka buɗe ta ciki. Kada ka shigar da shi a ɗaure cikin sakakku: karen da ya ga ba shi da hanyar gudu shi ke fara cizo. Da kun shiga ku yi gaba, bakin ƙofa ne wurin cunkoso. Minti ashirin zuwa talatin sun isa.

Ta yaya zan bambance wasa da faɗa?

Mai son wasa yakan kwantar da ƙirji a ƙasa ya ɗaga ƙugu sama. Jikinsa a sake yake, yana tsalle gefe-gefe. Wasa mai kyau karɓa-karɓa ne: wannan ya kori wancan, can kuma a juya, su ɗan tsaya su girgiza jiki su ci gaba. Gurnani a cikin wasa ba komai ba ne.

Abin tsoro shi ne shiru da sandarewa. Kare ya ƙame, ya kafe ido, gashin gadon bayansa ya tashi, jela ta miƙe sama ƙyam, ya ɗora haɓa a kan kafaɗar wani. Kaɗa jela ba kullum murna ba ce. Wanda ake zalunta kuma za ka ga ya cusa jela tsakanin ƙafafu, yana lasar baki, yana hamma ba barci, yana neman ɓuya a ƙarƙashin benci. In uku suka taru a kan ɗaya, wasa ya ƙare. Kira naka ku fita.

In faɗa ya kaure fa?

Kada ka sa hannu wajen wuya ko baki. Karenka da kansa zai cije ka bai sani ba. A yi ƙara mai ƙarfi, a watsa musu ruwa, ko a sa wani abu mai faɗi tsakani. In bai yi ba, kowane mai kare ya kama ƙafafun bayan nasa ya ɗaga ya ja da baya a lokaci guda. Bayan an raba, ku karɓi lambar juna, ka kuma kai naka wurin likita ko da ba ka ga jini sosai ba, saboda hujin haƙori kan rufe a sama ya ruɓe a ciki.

Ba ni da kare, yara ne ke son kallo. Kuma ina batun tufafin salla?

Ku kalla daga bayan shinge. Yaron da ke gudu yana ihu daidai yake da abin kora a wurin karnukan da jininsu ya riga ya hau, shi ya sa filaye da yawa suka hana ƙananan yara shiga. A koya wa yaro kada ya taɓa karen kowa sai ya tambayi mai shi, in kuma kare ya nufo shi ya tsaya cik ya naɗe hannu.

Batun tsarki kuwa, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai kuma bin umarni ne. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauke shi najasa mai nauyi. Ajiye kare domin farauta, kiwo ko tsaron gona ya zo a hadisi. Na sha'awa zalla shi ne malamai ke da magana a kai. Wanda abin ya shafa ya zauna da malaminsa.

Idan kare ya ciji mutum?

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan asibiti a ranar. Amurka ta kawar da nau'in haukan da karnuka ke yaɗawa tun 2007, amma a gida lamarin dabam ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ciwon duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. Da zarar alamun sun bayyana, magani ya ƙare. Allurar karnuka ba wahalar samu gare ta ba. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom a jihar Filato ma tana haɗa ta.

Akwai karnukan da doka ta hana gaba ɗaya?

Akwai. Dokar Birtaniya ta 1991 ta haramta Pit Bull Terrier, Tosa na Japan, Dogo Argentino da Fila Brasileiro. An ƙara XL Bully: daga 1 ga Fabrairun 2024 laifi ne mallakarsa a Ingila da Wales ba takardar izini, mai izinin ma sai da igiya da takunkumi a bainar jama'a. A Amurka kowane gari da hukuncinsa.

Zan iya ɗauko kwikwiyo daga Nijar ko Najeriya in tafi da shi Amurka?

Za ka iya, amma ba kwikwiyo ba. Tun 1 ga Agustan 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce duk karen da zai shiga sai ya kai wata shida, an dasa masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an kuma cike fom ɗinta ta intanet. Najeriya, Nijar, Mali, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna cikin jerin ƙasashen da take ɗauka masu haɗarin haukan kare, don haka akwai ƙari: takardar rigakafi mai sa hannun likitan gwamnati, gwajin jini daga ɗakin gwajin da hukumar ta amince da shi ko kuma killacewa ta kwana 28 da kuɗinka, da sauka a filin jirgin da ke da wurin duba dabbobi mai rajista, wanda sai ka kama gurbi tun kafin tashi. Kuɗin wannan duka yakan ninka kuɗin karen sau da yawa. Shi kansa zuwa zangunan Azawak ɗin, da halin tsaron da ake ciki a iyakar Nijar da Mali a 'yan shekarun nan, ba tafiyar da za a yi don kare ba ce.